Inabin da Sanyi Ya Kashe

Saint-Bernard, 4 ga Agusta, 2002

Ƙanena Delphis,

Gaisuwa mai yawa daga bakin teku. Ina fata sanyin can bai cinye maka yatsu ba. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ke sanar da ni za a yi ruwa tun kafin rediyo ya faɗa. Baba yana cin abinci sosai. Jiya na gasa rapure, wainar dankalin nan tamu, da kaza, sai da na ɓoye rabi, in ba haka ba da ko ɓawon dankali ba zan samu ba.

Jikin dai lafiya, kan ne ke tafiya. Ranar Lahadi sau biyu yana kirana da sunan Mama. Likita ya ce abin ba ya komawa baya. Ya ce in akwai inda muke son kai shi, mu kai shi bana.

Na tambaye shi inda yake son zuwa. Ya ce tashoshin da jirgin ruwansu ke tsayawa yana saurayi, lokacin da suke dakon katako da tuffa. Ya lissafa da yatsu: Wolfville, Annapolis, Bear River, Digby. Mutumin da bai san ranar da muke ciki ba, amma bai tsallake gari ko ɗaya ba.

Na karɓi hutu a kicin ɗin makaranta. Farkon Satumba za mu kama hanya, mu haura har Wolfville, mu gangaro gida a hankali. Ka zo mu tafi tare. Na san abin da za ka ce. Shekara ashirin da biyar ke nan da ka sare itatuwan tuffar Kaka ka dasa inabi, sanyi ya kashe inabin, Baba ya faɗi abin da ya faɗa, ka ɗauki jakarka. Ko ranar jana'izar Mama a bayan coci ka tsaya kamar baƙo. Ya isa haka. Kujerar baya ta motata babu kowa sai bargo.

Yayarka,
Ozeline

Tashar binciken yanayi, can arewa, 23 ga Agusta

Kyaftin,

Ina gaishe ki, ina gaishe da gwiwar. Ki daina hawa tsani da ita, na san halinki. Ni lafiyata ƙalau, yatsu goma cif, na ƙirga kafin in ɗauki biro. Mutum takwas nake dafa wa abinci, kuma duk cikinsu babu wanda ya san bambancin miya da ruwan wanki, saboda haka suna ganin ni gwani ne.

Maganar Baba ta taɓa ni, ba zan ɓoye miki ba. Amma ke ba ki wurin ranar. Cewa ya yi, "Ba ka da kujera a teburin nan." Bai taɓa janye ta ba. In na zo yanzu da kansa ke rawa, ko dai ya tuna ya sake faɗa, ko kuma ya manta, in zauna a teburinsa kamar ɓarawo. Ban san wanda ya fi muni ba.

Wa'adina zai ƙare ƙarshen Oktoba. Sun roƙe ni in zauna har bayan hunturu, ban ba su amsa ba tukuna.

Ki rubuto mini daga kowane gari. Jirgin sama mai kawo wasiƙu yana zuwa duk mako uku in iska ta yarda. Kada ki kira wayar tashar, a ɗakin cin abinci take, mutum takwas za su ajiye cokali su saurara. Ki faɗa mini ko ruwa na janyewa har yanzu a Wolfville ya bar jirage zaune a taɓo kamar agwagi. Kuma ki saya masa busasshen ganyen teku, shi kaɗai ke cin wannan abin a gidanmu.

Ƙanenki mai taurin kai, kamar yadda za ki ce,
Delphis

Wolfville, 8 ga Satumba

Delphis,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Mun iso lafiya, gwiwa ta yi tsami da tuƙi, Baba kuwa tun daga gida yake koya mini hanyar da na fi shekara talatin ina bi.

Ruwa yana janyewa, amma babu jiragen da za su zauna a taɓon. Tashar ta zama wurin shan iska, da kujeru da furanni. Baba ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Wa ya kwashe gadar ɗaure jirage?" Na ce ta daɗe da ruɓewa. Ya ce, "Ƙarya ne, jiya na ɗaure igiya a nan." Wani dattijo mai kare ya ji mu, ya matso ya ce ai mahaifinsa ya yi lodin tuffa a wurin. Shi ke nan, awa guda suna musu a kan ko ganga nawa jirgi ɗaya ke ɗauka. Ni da karen muka zauna muna kallon juna.

Jiya muka je Grand-Pré. Ka tuna da aka kai mu muna 'yan makaranta, ka yi amai a mota? Bangon ƙasar da kakanninmu suka yi don tare teku yana nan, an shuka masara a bayansa. Mun shiga ƙaramin cocin tunawa. Baba ya bi sunayen waɗanda aka kora daga ƙasar nan a zamanin dā, aka kwasa aka zuba a jirage, da yatsa har ya kai kan namu, ya cire hula. Wata mata mai ƙiba daga Louisiana tana tsaye gefensa tana neman suna ɗaya da mu. Da ta gane, ta rungume shi tana kuka tana kiransa kawu. Ya bari ta gama, ya juyo ya ce mini, "'Yar wa ce wannan? Ba ta da kunya, amma tana da ƙamshi."

Ga abin da na zauna rubuta maka. Da muka fito, na bi ta kan tudu don ya hango teku. Delphis, ba za ka gane wurin ba. Inda gonakin tuffa suke, yanzu inabi ne layi-layi har gindin tudu, ya nuna, ya yi nauyi, an rufa masa raga saboda tsuntsaye. Na so in wuce da sauri, ya ce in tsaya. Ya fita da sandarsa, ya je bakin shinge. Wata yarinya ta zo tana tayin mu shiga mu ɗanɗana giyar bara, bai ko dube ta ba. Ya daɗe yana kallon gonar, sannan ya ce, "Delphis ya riga mu tafiya."

Na ce, "Baba, me ka ce?" Ya ce yunwa yake ji.

Rabon da in ji sunanka a bakinsa tun Mama na da rai. Ban san me yake nufi ba, na dai rubuta maka yadda ya faɗa. Gobe sai Annapolis.

Ozeline

Bear River, 12 ga Satumba

Ƙanena,

Ina gaishe ka. Lafiyarmu lau.

Annapolis ta yi masa daɗi. Ya hau tudun tsohuwar ganuwar sojoji da ƙafarsa, ya zauna kan igwa ya ƙi sauka. Daga nan ya nuna mini wani dogon gida na katako a babban titi, ya ce a nan ya fara ganin Mama tana shanyar zannuwan gado, ta watsa masa ruwan wanki don ya yi mata fito. Mu da aka ce mana a coci suka haɗu!

Yau muka shigo Bear River. Gidajen nan na bakin kogi suna tsaye kan dogayen ƙafafunsu na katako kamar dā, ruwa ya janye ya bar su tsirara. Mun ci abinci a ɗaya daga ciki, ƙasan na motsi. Mai gidan abincin ta ce akwai gonar inabi a kan tudu, Baba ya ce a kai shi. Na kai shi.

Mai gonar wani dogo ne mai suna Wendell Purdy, hannayensa duk sun yi shuɗi da ruwan inabi. Baba bai ko gaishe shi ba ya ce, "Yaya kake yi da su in hunturu ya zo?"

Mutumin ya ce, "Waɗannan irin masu jure sanyi ne. Masu laushin kuwa muna tara musu ƙasa a gindi kafin ƙasa ta daskare."

Baba ya ce, "Da tarakta?"

Ya ce, "Da tarakta mana, dattijo. Wa zai yi wannan da fartanya?"

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ɗana ya san wannan tun kuna wasan ƙasa. Ya riga ku duka. Ya riga mu tafiya, mu muna baya muna dariya."

Ka ji ma'anar maganar Wolfville ke nan. Amma bai tsaya nan ba. Ya ce da mutumin, "Ya zo ya ce in ba shi tarakta ya rufa musu ƙasa, sanyi na tafe. Na ce ta lalace. Ba ta lalace ba. Ni na cire mata fulogi na sa a aljihu. Haushin tuffar ubana nake ji. Kwana uku yaron yana yi da shebur shi kaɗai, bai kai rabin layi biyu ba ƙasa ta zama dutse. Da bazara ta zo babu ko ɗaya da ya toho, sai na tsaya a gaban uwarsa na ce shi ya kashe gona."

Delphis, ni ban taɓa sanin wannan ba. Ina jin Mama ma ba ta sani ba. Wendell ya rasa inda zai sa idonsa. Ya yanko nonon inabi ɗaya ya miƙa masa, Baba ya ci ƙwaya biyu ya ce, "Da tsami. Na ɗana da ya fi wannan."

A mota na tambaye shi ko in rubuta maka. Ya ce, "Rubuta wa wa?" Ya riga ya koma cikin hazonsa. Amma na ji da kunnena, kuma ga shi na sa a takarda kafin in fara tunanin ko mafarki na yi. Ka zo gida.

Yayarka,
Ozeline

Tashar, 21 ga Satumba

Yaya Ozeline,

Ina gaishe ki. Ina lafiya. Jirgi ya sauka jiya da wasiƙa ɗaya tawa, anjima zai tashi da wannan.

Na karanta abin da Baba ya faɗa a gonar inabin. Na karanta sau da yawa. Na gode da ba ki gyara maganar ba. In haka abin yake a wurinsa, to a bar shi haka. Ba zan zo in tayar wa tsoho da hankali ba, ya riga ya sa ni inda ya sa ni, kuma ya huta. Zan gaya wa shugaban tashar zan zauna hunturu.

Kada ki sake yi masa maganata. Ki kula da gwiwarki.

Delphis

Saint-Bernard, 6 ga Oktoba

Delphis,

Zan gaishe ka don Mama ta koya mana gaisuwa, ba don ka cancanta ba. Muna lafiya. Mun dawo gida tun tsakiyar Satumba.

Wasiƙarka ta zo jiya, na karanta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, na kusa jefa ta teku. Tsoho ɗan shekara tamanin da huɗu ya tsaya gaban baƙo ya tone asirin kansa, abin da ya haɗiye shekara ashirin da biyar, kai kuma amsarka ita ce a bar shi haka? Me kake so ya yi, ya rarrafo har arewa a kan gwiwa? Shi ƙwaƙwalwarsa ce ta lalace, kai mene ne naka uzurin?

Bari in gaya maka Digby, tunda ka ce in rubuto daga kowane gari. Na saya masa soyayyen naman ƙumba a bakin tasha, ya ci biyu ya ture sauran. Ya ce mu je inda babban jirgin ruwan Saint John mai ɗaukar motoci ke tsayawa. Muka je. Ya tsaya a bakin shinge yana duban duk motar da ta fito, yana leƙa fuskar direba. Da mota ta ƙarshe ta wuce ya ce, "Bai shigo wannan ba. Mu jira na gaba." Na ce wa? Ya dube ni kamar ni ce marar hankali. Ya ce, "Ƙanenki mana." Sai da na yi masa ƙarya na ce ka aiko ka ce sai an gama girbi, sannan ya yarda ya shiga mota.

Yanzu kullum da safe sai ya tambaye ni ko an gama girbi.

Na gaji, Delphis. Ban taɓa faɗa maka ba, yau na faɗa. 'Yata Celeste za ta haihu a Nuwamba a Moncton, jikata ta fari, kuma ban san wanda zan bar wa Baba ba. Ka zauna da mutanenka takwas.

Ozeline

Tashar, 13 ga Oktoba

Kyaftin, Yayata,

Ina gaishe ki, ina lafiya, kuma ni jaki ne. Ki fara da wannan.

Jirgi ya kawo wasiƙu biyu yau, ta Bear River da wadda kika wanke ni a ciki. Ta Bear River wata guda ta yi a hanya, ban san inda ta kwana ba. Lokacin da na rubuto miki, ta Wolfville kaɗai na gani. "Delphis ya riga mu tafiya." Ki karanta shi yadda na karanta. Haka ake faɗa a kan wanda ya mutu. Na ɗauka Baba ya binne ni a ransa ya yi mini addu'a ya gama. Wa zai so ya fito daga kabari ya tsorata tsoho?

Na karanta ta Bear River a kicin, miya na kan wuta. Ta ƙone. Karo na farko da mutanen nan suka gane akwai abin da ya samu abinci.

Na san fulogin nan, Ozeline. Na duba tarakta a ranar, na ga gurbinsa babu komai. Na san shi ya cire. Ban faɗa wa kowa ba, don in na faɗa sai Mama ta zaɓi tsakaninmu. Kuma ni ma ba wankakke ba ne. Na sare itatuwan da Kaka ya dasa da hannunsa ranar da Baba ya tafi Yarmouth, ban jira ya dawo ba. Ya iso ya tarar da kututture arba'in. Ban taɓa ba shi haƙuri a kan wannan ba.

Na riga na ce wa shugaban tashar zan zauna, yau na koma na ce na fasa. Ya yi ta zage-zage, na ba shi kek ya yi shiru. Zan fito da jirgin biyu ga Nuwamba. Daga Montreal zan bi ta ƙasa zuwa Saint John, in shigo jirgin ruwa. Ya fi nisa, na sani, amma tunda a Digby yake jira, a Digby zan sauka. Ki kawo shi. Ki ce masa an gama girbi.

Ki haɗa jakarki ta Moncton.

Delphis

Saint-Bernard, 17 ga Nuwamba

Kyaftin, kakar Noémie,

Barka, barka! Ki gaishe mini da Celeste da mijinta, ki sumbaci jaririyar. Hoton ya iso. Hancinki ne sak, Allah ya ba ta haƙuri. Mu nan lafiya. Baba yana ci, yana barci, na koyi ba shi magani a cikin miyar tuffa kamar yadda kika nuna mini.

Kin ce in faɗa miki gaskiya, to ga ta. Kin ga yadda aka yi a Digby, ya ba ni hannu ya ce sannu da zuwa, ya ci gaba da leƙen motoci. Bayan tafiyarki ma haka. Ya ɗauka ni sabon ma'aikaci ne da kika ɗauka. Yana kirana "malam kuku". Ya ce rapure ɗina ya fi naki, kada ki ji haushi, mutumin ba shi da lafiya.

Ranar Laraba rana ta fito, na kai shi yawo a motarki. Muka bi bakin teku har Meteghan, muka tsaya inda ake gyaran jirage, ya faɗa mini sunan kowane iyali da ya taɓa ƙera jirgi a wurin. Da muka dawo ya ce in zagaya ta bayan gida. Kin san filin, duk ya zama ƙaya da ƙananan itatuwa. Ya tsaya ya nuna da sanda ya ce, "Malam kuku, nan ɗana ya dasa inabi."

Na ce, "Haka ne?"

Ya ce, "Kafin kowa. Kai ba ka san shi ba. Kansa na ja. Ni na kashe masa su." Ya ba ni labarin duka, da fulogin da shebur ɗin, kamar yadda kika rubuta.

Na ce, "Ai na ji an ce shi ma ya sare maka itatuwa bai tambaye ka ba. Na ji an ce abin yana damunsa har yau."

Ya yi tsaki. Ya ce, "Tsofaffin itatuwa ne, rabinsu tsutsa ta cinye. In ka gan shi ka ce masa ya daina damuwa. Ka ce masa ubansa ne bai kyauta ba."

Na ce zan faɗa masa. Na juya ina kallon teku har sai da ya ce sanyi yake ji.

Na yi tunanin iyakar abin da zan samu ke nan, kuma wallahi ya ishe ni. Na ba shi haƙuri, ya ba ni, ko da bai san da wa yake magana ba.

To jiya da safe na dafa masa ƙwai na ajiye, na koma na tsaya jikin murhu da farantina a hannu. Tun da na zo a tsaye nake ci, ko ke kin lura. Ya ɗago ya dube ni, ya ɓata rai irin na dā, wanda ke sa mu gudu bayan rumbu. Ya ce, "Delphis, kai doki ne da za ka ci abinci a tsaye? Jawo kujera ka zauna. Kuma ka aske wannan gemun, ka yi kama da ɗan fashin teku."

Na zauna. Ya ci ƙwansa, ya ce gishiri ya yi yawa. Kafin azahar na koma malam kuku, yau ma haka. Ban sani ba ko zai sake dawowa.

Kada ki yi saurin dawowa, ki zauna har Kirsimeti, mun iya da kanmu. Gemun dai na aske.

Ƙanenki,
Delphis